Mai Tsintar Zoɓo a Gwagwalada

Shekara tara ke nan Lantana tana tsintar zoɓo a wani sito da ke Gwagwalada. Daga Jigawa ake kawo buhunan, mata su baje a kan tamfal su fitar da tsakuwa da kara, a sake ɗurawa, tirela ta kwasa zuwa Legas, daga can jirgin ruwa ya wuce da shi Meksiko. Ita ko idonta a rufe, in ta damƙi zoɓo ta san ya bushe ko da sauran danshi.

Ita ta koya wa Prudence aikin. Lokacin da Prudence ta zo daga Kafanchan, ko zoɓon da ya yi fumfuna ba ta iya ganewa.

Sai aka shirya baje kolin amfanin gonar da ake fitarwa waje a cikin gari, su riɗi da citta da kashu da koko. Oga Kingsley, mai siton, ya ce mutum ɗaya ce za ta tsaya a rumfarsu, kuma Prudence ya zaɓa, wai ta fi jin Turanci. Har riga aka ɗinka mata mai sunan kamfani. Lantana ta yi mata barka, amma ranar abincin da ta zo da shi bai ciwu ba.

Ranar baje kolin, Mashkura da ke zama kusa da Lantana a wurin aiki ta miƙo mata waya. Ga Prudence nan tsakiyar baƙi tana murmushi, riƙe da faranti biyu na zoɓon da Lantana ta kwana uku tana zaɓa da hannunta. Lantana ta kalla, ta ce hoton ya yi duhu, ta mayar.

Bayan azahar wayarta ta yi ƙara. Prudence ce. Ta bar ta ta katse sau biyu, a na uku ta ɗauka.

“Anti, ki taimake ni. Wani baƙo yana tambaya me ya sa faranti ɗaya ya fi duhu, kuma wanne ya fi kyau. Ban sani ba.”

Ran Lantana ya raya mata ta ce ba ta ji sosai, ko ta ce mai Turanci ai ba ta rasa amsa. Amma ba za ta iya jure a raina zoɓon da ta zaɓa ba.

“Mai duhun ya fi ba da launi. Ki jiƙa kowanne a kofi da ruwan ɗumi, ya gani da idonsa.”

Baƙon ya gani, ya ce yana son kaya. Washegari Oga Kingsley ya tara matan yana yabon dabarar Prudence ta kofi biyu, aka yi ta tafi. Prudence ta sunkuyar da kai. Da aka watse ta bi shi ofis ta gaya masa gaskiya, shi kuwa ya ce madalla, ai duk gida ɗaya ne, ya ci gaba da duba wayarsa.

Da ta dawo ta faɗa wa Lantana yadda suka yi, Lantana ta ce ba komai. Amma ta ja buhunta zuwa ƙarshen tamfal, ta zauna can. Ana tashi daga aiki ta tare Mashkura a bakin ƙofa, ta tambaye ta ina ne ake koya wa manyan mata Turanci ranar Asabar.