Hular Mai Hannun Jari

Idan aka tsare Dogo da rantsuwa, zai amsa cewa yana da ɗan hali guda, kuma a ganinsa bai kai a ɗaga murya a kansa ba. Shekara goma sha takwas yana kan injin yanka a kamfanin sabulu, kuma kullum aka kaɗa ƙararrawar tashi, sai ya ɗauki sabulu ɗaya mai gutsuren baki, ya ɗaga hula, ya ɗora a ka, ya kifa. Shi bai taɓa kiran abin sata ba, cewa yake yi yana rage wa mai shara aiki. Maigadi ya sani, don ba yadda za a yi mai sanƙo ya riƙa wuce ka kullum yana ƙamshin lemun tsami ka kasa ganewa. Amma sai ya kau da kai. Kayan mai kamfani ne, mai kamfani kuwa ba ya tsayuwa a ƙofa.

Saboda haka matar Dogo ba ta taɓa sayen sabulu ba tun da aka yi aurensu. Abin da ya hana gidan sakat shi ne bakin yayanta, mai shagon kayan masarufi a bakin titi. Duk zuwan da zai yi sai ya ajiye wa Dogo magana kafin ya sa takalmi.

"Mijin ƙanwata, ya aikin mutane? Ni fa ma'aikaci tausayi yake ba ni. Kaza ce a gidan wani, ta yi ƙwai wani ya soya. Ni ko allura ka gani a shagona, tawa ce."

Dogo sai ya yi yaƙe. Shekara da shekaru yana neman amsar allurar nan bai samu ba.

Ran nan da tsakar rana aka kashe injuna, aka tara kowa a sito. Mai kamfani, wanda tsufa ya fara lanƙwasa shi, yana zaune a kujera, 'yarsa lauya tana tsaye riƙe da takardu.

Ta ce, "Baba ya gaji, mu 'ya'yansa kuma kowa da abin da ya sa gaba. Ya ce ba zai sayar wa baƙo ba. Za a raba hannun jarin kamfanin nan ga duk mai aiki a cikinsa, daga manaja har mai shara."

Tsoho ya gyara murya.

"Abin da ya karkatar da duniya ke nan," in ji shi, "masu gumi daban, masu inji daban. Albashi ruwan sama ne, ya zubo ya wuce. Ni rijiya nake so kowa ya samu. Da kowane mai kamfani a duniya zai..."

Ba wanda ya ji ƙarshen maganar. Mata suka rangaɗa guɗa, direban motar kaya ya hau kan kwali yana rawa har kwalin ya lotse da shi, Dogo kuwa ya tsinci kansa rungume da manaja, mutumin da bai taɓa amsa masa gaisuwa da baki ba. Da hayaniya ta lafa, Uwar Naɗi, shugabar matan da ke naɗe sabulu a takarda, ta ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, wane ɓangaren ne nawa? In da zaɓi, ni dai ban da banɗaki."

Lauya ta yi dariya. "Mama, babu inda yake naki ke kaɗai, babu kuma inda ba naki ba. Kowace ƙusa, kowane sabulu, kina da rabo a ciki. Ku ɗari da arba'in ne."

Ranar Dogo ya isa gida yana haki, hula wayam. Matarsa ta dubi kansa kafin ta dubi fuskarsa.

"Baban yara, lafiya? Ina sabulun?"

"Wane sabulu! Kamfanin ne sukutum na kawo miki! Aika wa Yaya, ki ce ranar Alhamis ya zo ya ga allurata."

Ranar Laraba aka yi taron farko na masu kamfani. Dogo, wanda bai taɓa magana a gaban mutum fiye da biyar ba, ya ji ƙafafunsa sun miƙe da shi.

"Jama'a, da can in abu ya ɓace, na tsoho ne ya ɓace. Yanzu fa? Wanda ya ɗauki ko murfin kwalba, aljihuna ya shiga, aljihunki ya shiga, Mama! A riƙa caje kowa a ƙofa. Jaka, aljihu, safa, kowa da kowa, har manaja!"

Tafi ya ɓarke. Daga baya Uwar Naɗi ta ɗaga murya, ko murmushi babu a fuskarta.

"Har hula?"

Ya kamata Dogo ya ji ƙanshin tarko, amma tafi ya riga ya toshe masa hanci.

"Har hula!" ya faɗa, ya buga tebur. Da aka zo ƙuri'a, hannu biyu ya ɗaga.

A yi masa adalci, da zuciya ɗaya ya tuba. Matsalar ita ce bakinsa ne ya je taron, hannunsa bai je ba.

Ranar Alhamis Yaya ya zo sanye da kayan fita, yana taɓe baki tun daga ƙofa. Dogo ya zaga da shi ko'ina. Ya nuna masa manyan tukwanen da ake dafa sabulu, masu tsayin mutum biyu, da injin yanka yana sauke wuƙa ƙyas-ƙyas, sabulu na fitowa a jere kamar 'yan makaranta. Duk abin da suka wuce sai ya dafa shi ya ce, "Namu ne." Har tsintsiya sai da ya dafa. A hankali bakin Yaya ya daina taɓewa, ya koma buɗewa.

"To wai idan an ci riba, har da kai?"

"Har da ni, Yaya. Kazar ce yanzu take soya ƙwanta."

Dogo ya daɗe yana neman wannan amsa, kuma da ta fito sai ya ji ta fi zuma. Yana cikin wannan daɗin aka kaɗa ƙararrawa. Bai san lokacin da hannunsa ya yi abin da ya saba ba.

A ƙofa layi ya yi tsawo. Maigadi ya sayo sabon usur da kuɗinsa, yana caje mutane da ƙwazon wanda aka taɓa masa gado. Manaja ma sai da ya cire takalmi. Da aka zo kan Dogo, ya zazzage aljihu da alfahari, ya ɗaga hannuwa sama don Yaya ya ga yadda doka take aiki.

"Abokin tarayya," in ji Maigadi, "saura hula."

A lokacin ne Dogo ya ji wani sanyi a tsakiyar sanƙonsa. Ya yi ƙasa da murya.

"Haba Maigadi, ni da kai?"

"Da can ni da kai ne. Yanzu ni da kayana ne. Hula."

Ya ɗaga. Sabulun ya zame daga sanƙo, ya dira a kan takalmin Yaya. Layi ya kwashe da dariya, Uwar Naɗi har da riƙe ciki. Dogo ya ga babu wurin gudu, sai ya kama igiyar da ta rage.

"To ai nawa ne! Lauya ta ce kowane sabulu ina da rabo a ciki!"

"Gaskiyarka," in ji Maigadi. Ya sunkuya ya ɗauki sabulun, ya sa farcen babban yatsa ya kankaro ɗan ɓurɓushi, ya shafa a tafin hannun Dogo. "Ga naka. Sauran na mutum ɗari da talatin da tara ne, kuma ni dai ban yafe nawa ba."

Suka fito titi, Yaya yana share hawayen dariya, Dogo yana tafe da rabonsa a dunƙule a hannu, yana jiran saukar magana. Sai da suka sha kwana Yaya ya waiga, ya tabbatar babu mai jin su, sannan ya matso.

"Mijin ƙanwata... wai na waje ba ya iya sayen hannun jarin nan ne? Ko kaɗan? Ka yi mini magana mana."

Dogo ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga kai sama kamar mai nazari.

"Sai mun zauna, Yaya. Ka san abin na masu shi ne."

Ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai, ya ba matarsa labarin yadda Yaya ya roƙe shi, har sau uku, kowane karo da ƙari. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce wanki ya taru.

Tun daga ranar, a shagon Yaya suke sayen sabulu.