Hancin Viggo a Fuskar Halvor

Masu zanen da suka zo birnin Rum daga Danmak da Norwe da Suwidin suna da al'ada guda. Duk wanda zai koma gida, babban amininsa ne zai zana fuskarsa, a rataye ta a bangon gidan abincin Sora Nena, inda suke wuni suna zagin aikin juna.

Da lokacin Halvor Tveit ya yi, babu wanda ya tambaya ko wa zai zana shi. Shekara uku wannan ɗan Norwe yana biye da Viggo Brask ɗan Danmak, shi ke niƙa masa launi, shi ke wanke masa burushi, shi kuma ya yi jinyarsa da zazzaɓi ya kwantar da shi a hanya. Halvor bai yi suna ba, ya kuma san ba zai yi ba. Abin da yake so kawai shi ne fuskarsa ta zauna a bangon nan da hannun Viggo, don na baya su san an yi abota.

Kwana uku Halvor ya zauna a kujera har wuyansa ya sage. Viggo na zane yana surutu, daga hasken Italiya sai jahilcin malamansa na gida. Da kyar yake ɗaga ido daga takarda. Halvor ya lura, amma ya ɗauka gwaninta ce.

Ranar ratayewa aka taru da tsakar rana, an ci taliya da wake, an sha ruwan inabi. Viggo ya yi dogon jawabi a kan abota, sannan ya yaye ƙyallen da aka rufe zanen da shi. Kowa ya matso yana kallo. Alrik ɗan Suwidin, mai sassaƙar da bai taɓa ƙarasa mutum-mutumi ko ɗaya ba, shi ya fara magana.

"Halvor, ɗan'uwa, yaushe ka ari hancin Viggo ba mu sani ba?"

Dariya ta ɓarke. Hancin Halvor kamar dankali yake, amma na takarda dogo ne siriri. Haɓar ma ta Viggo ce, har da girar nan da yake ɗagawa idan zai raina mutum. Gemu da riga ne kaɗai na Halvor. Sora Nena ta leƙo tana goge hannu, ta tambaya ko Viggo ma tafiya zai yi.

Viggo ko a jikinsa. Ya ce kwafar fata aikin masu zanen bakin titi ne, shi ruhin mutum yake zanawa. Alrik ya ce ashe dai ruhin kowa hanci ɗaya gare shi.

Halvor bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannuwa a hankali ya rufe kunnuwansa biyu.

"Viggo, wane kunnena ne sanyi ya cinye wa sama ina yaro?"

Viggo ya dubi zanen, inda kunnuwa biyu suke cikakku sumul, sannan ya dube shi.

"Kunnenka? Me ya sami kunnenka?"

Halvor ya sauke hannuwansa. Ya ɗauki fensirin Alrik, ya rubuta Viggo Brask a ƙasan zanen da kyakkyawan rubutu, ya hau benci ya rataye shi da kansa, har ya ja da baya ya gyara masa zama.

Washegari aka raka shi gadar bayan gari kamar yadda aka saba. Viggo ya zaɓi inda rana za ta haska gefen fuskarsa, ya tsaya yana share hawaye. Halvor ya bi kowa ya ba shi hannu, Viggo ma ya sami nasa daidai da na sauran. Sannan Halvor ya hau keken doki, ya zauna a kujerar da ke kallon gaba.