Ƙyauren Ɗakin Hajo

"Gwaggo, ɗan matsa mini, yanzun nan zan dawo da shi," in ji Sama'ila. Ya riga ya cusa kafaɗa ƙarƙashin ƙyauren ɗakin uwarsa, yana nishi, yana ƙoƙarin ɗaga shi daga gurbinsa.

Ina tsaye da kwanon kunun da na kawo wa marar lafiya. Na ce, "Sama'ila, ɗaga kai ka dubi gabas."

"Na gani, Gwaggo. Shi ya sa nake sauri. In ruwan nan ya sauka motata tana cikin taɓo, sai dai a haƙo ta da kaka."

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kaji har sun fara shiga akurki. Daga cikin ɗaki Hajo ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce, "Bar shi ya ɗauka, Lantana." Ya ɗora ƙyauren a ka ya fice, wandonsa na ofis duk laka har gwiwa.

Ni da Hajo katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Taba, tun ina amarya. Ita ta koya mini tuƙa tuwon dawa ba gudaji. Sama'ila ɗanta ne na fari, kuma shi kaɗai Allah ya raya mata, don haka ko sau ɗaya ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan". Ni na goya shi lokacin da take fama da ciwon nono. Ya yi boko, ya zama akawu a Kaduna. Da aka sami mulkin kai Turawa suka fara naɗe kayansu, sai ya sayi motar ɗaya daga cikinsu, baƙa, mai ƙusumbi kamar buzuzu.

A cikinta ya kawo iyalinsa hutun makaranta na damina: matarsa Aishatu da 'ya'yansu biyu, Hassana da ƙanenta Bobbo. Hajo tun farkon damina tari ya kwantar da ita, amma ranar sai da ta rarrafo tsakar gida ta sa aka yanka zakaranta. Aishatu ta tsaya daga bakin ƙofa, mayafi a hanci, ta ce, "Sannu da jiki, Inna." Da ta juya na ji tana ce wa yaran, "Duk wanda na gani a ɗakin can sai na zane shi."

Yaran kam ba ruwansu. Sun yar da takalma tun ranar farko, suna bin fara a ciyawa, suna kama talibambam a kududdufi, suna dawowa da baki duk ruwan rake. Uban kuwa kullum da inda zai kai su shan iska. Yau gindin dutse, gobe fadama. Su ɗauki kwando da burodi da kifin gwangwani, su shimfiɗa zane a ciyawa su ci, sai ka ce marasa gida. Ranar nan daga fadama suke dawowa motar ta kafe a kwarin bayan gari. Mutanen da suka taru tura ta suka ce sai an sa katako a ƙarƙashin taya. Duk unguwarmu kuwa asabari da tufaniya muke rufe ɗaki da su. Ƙyauren katako ɗaya ne, wanda marigayi Tanko mijin Hajo ya sassaƙa mata da hannunsa.

Ban gama ba ta kunun ba iska ta taso. Ta fara da ƙura da ganyen dalbejiya, sai kuma ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, a karkace, daga gabas, kuma ƙofar Hajo gabas take kallo. Na fizgi tabarma na tare ƙofar da hannu biyu. Iska ta naɗe ta a fuskata, ta ƙwace, ta yi sama da ita. Kafin in waiwaya ruwa ya kai gadon karan da take kwance. Na cire mayafina na rufa mata, ya jiƙe nan take. Kwatar tsakar gida ta cika ta juyo cikin ɗakin da kashin awaki da toka da guntun tuwon jiya, gwangwanin da take tofa majina ya kife yana yawo a kan ruwa. Wari ya tashi. Tsohuwa tana ta karkarwa, haƙoranta suna haɗuwa.

Sai na hango Aishatu ta shigo a guje, tana jan yaran. Suka faɗa ɗakin kwanon da Sama'ila ya gina don saukarsa, ta rufe ƙyaurensa na kwano, ta danna sakata. Na ratsa ruwan na buga ƙofar.

"Aishatu! Buɗe mu shigo da Inna, ruwa zai cinye ta!"

Daga ciki ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, yara ne. Tarin nan ba mu san irinsa ba."

"Uwar mijinki ce fa!"

"Ki jira Baban Hassana ya zo."

Ina jin Hassana daga ciki tana kuka, tana cewa, "Umma, ki buɗe wa Kaka." Sai na ji ƙarar mari, kukan ya sauya.

Allah ya kawo maigidana Malam Ɗan'azumi daga gona, fartanya a kafaɗa. Bai tambayi komai ba. Ya shiga ruwan har idon sawu, ya saɓi Hajo, ya kai ta ɗakina. Daga baya ya ce mini ba ta fi damin kara nauyi ba.

Sai da ruwa ya ɗauke Sama'ila ya dawo. Ashe da motar ta fita, rumfar kasuwa ya kai ta, ya zauna a ciki ya ɗaga gilashi. Ya shigo yana dariya, yana cewa, "Ta fita, Gwaggo! Wallahi ta fita!"

Na ce, "Ina ƙyauren?"

"Ai ya tsage biyu. Taya ta hau shi. Zan sa a yi wani a Kaduna, mai kwaɗo."

Washegari jikin Hajo kamar garwashi. In ta ja numfashi sai ka ji ƙirjin yana ƙara kamar ana jan zarto. Na sami Sama'ila yana goge fitilar mota da tsumma.

Na ce, "Ka ɗauke ta zuwa asibitin Makarfi. Zan riƙe ta a baya."

Ya dubi kujerar bayan, ya dube ni. "Hanya ta lalace, Gwaggo. Jijjiga za ta ƙara mata ciwo. Kuma kin ga ba ta iya riƙe fitsari yanzu. Bari in je in yi wa malamin asibiti bayani, in karɓo magani."

Na ɗauka shi kaɗai zai tafi. Sai ga Aishatu ta fito da ɗaurin ɗankwali, yaran an shafa musu mai, an sa musu takalma. Wai ranar kasuwa ce, tunda za a je, gara yara su ga inda ake dafa mazarƙwaila kafin hutu ya ƙare.

Kafin su tashi ya zo ƙofar ɗakina, ya tsaya a dokin ƙofa, hankici a hanci. Hajo ta buɗe ido da ƙyar.

"Yaron nan ne?"

"Ni ne, Inna. Zan karɓo miki magani."

"Motar ba ta ji ciwo ba dai?"

"Lafiyarta lau, Inna."

"To madalla. A kula da yara a kasuwa."

Da na ji tashin motar sai na ce, "Wallahi ɗan nan, Allah ya..."

Ta damƙe hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. "Kul, Lantana. Kada ki yi masa baki. Bayanki ya hau, bakinki zai kama shi. Ki yi mini alkawari."

Na yi mata. Na haɗiye sauran maganar, ta sauka mini kamar maɗaci.

Bayan azahar ta nemi ruwa. Na ɗiga mata da ludayi, rabi ya gangaro ta gefen baki. Na yi ta maimaita kalmar shahada a kunnenta, leɓenta yana motsi yana bina, har ya daina. Na shafe mata ido, na ɗaure haɓar da gefen ɗankwalina.

Mu muka yi mata wanka, ni da matar liman. Maza suka haƙa kabari, ƙasa jiƙaƙƙiya tana manne wa magirbi. Aka yi ta jiran ɗanta har la'asar ta yi sanyi, wani hadarin ya fara haɗowa. Liman ya ce ba a ajiye gawa don mai yawo. An fito da makara ke nan sai ga ƙahon mota. Bobbo ya leƙo ta taga da sandar rake, bakinsa duk mazarƙwaila.

Sama'ila ya fito ya kurma ihu, "Inna! Wayyo Inna!" har sai da maza biyu suka riƙe shi. Amma da aka doshi maƙabarta ya ga taɓon hanya, sai ya dakata, ya cire takalmansa masu sheƙi, ya buɗe mota ya ajiye su a kan takarda, ya kulle, sannan ya ci gaba da kukan daga inda ya tsaya. Na gani da idona. Na juya na tofar da yawu a gindin katanga.

A zaman makoki Aishatu ta fi kowa sharɓar hawaye, a kan zanen da ta shimfiɗa wa kanta a bisa tabarmarmu. Hassana ce ta lallaɓo ta zauna a jikina, ta ce a hankali, "Gwaggo, ruwan nan ne ya kashe Kaka?"

Na dubi uwarta, na dubi yarinyar. Na ce, "Kwananta ne ya ƙare."

Ana gama sadakar uku suka ɗaure kaya. Sama'ila ya zo yi mini sallama da ragowar kifin gwangwani a hannu, wai na gode Gwaggo, kin yi ƙoƙari. Na ce ya ajiye a nan ƙasa. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya," ban ƙara ko kalma ba.

Bayan kwana biyu na zagaya bayan ɗakin Hajo neman akuyata. Kuɓewar da ta shuka a jikin danga ta yi 'ya'ya reras, ba mai tsinka, duk sun ƙosa sun yi tauri. Na tsaya na tsinke 'yan ƙananan a gefen zanena, yayyafi yana sauka a kan ganyen.