Yadda Badaru Ya Koma Gida da Sunan Baƙo

Badaru ya sauka Dubai da 'yar jaka ɗaya, don a lissafinsa mako guda zai yi. Ɗan Fagge ne, amma ya daɗe da barin Kano. Yana aiki a wani otal da ke Maluwa, wani ɗan tsibiri a Tekun Indiya wanda ba ya noma komai sai baƙi. In jirgi ya sauke Turawa da Larabawa, kowa ya ci abinci, daga mai otal har mai gasa kifi a bakin teku. In bai sauke ba, sai a zauna ana kallon ruwa. Aikin Badaru shi ne jawo baƙin nan, musamman na ƙasashen Larabawa, domin yana jin Larabci, kuma Allah ya ba shi baki. A can ya auri Kamila, 'yar masunta, doguwar mace mai harshe kamar reza.

Otal ɗin ne ya turo shi ya gana da masu kamfanonin tafiye-tafiye. Bai gama zagayen ba korona ta rufe duniya, gwamnatin Maluwa kuma ta garƙame filin jirginta da sanarwar da ba ta kai wuni guda ba. Sai ya tattara ya koma unguwar Bur Dubai wajen Alhaji Sanda, ɗan yayar mahaifiyarsa, mai ofishin kargo da sito a unguwar Al Quoz, wanda ke aika wa 'yan kasuwar Kano kaya. Alhaji Sanda ya nuna masa katifa a falo, ya ce ya kwantar da hankalinsa, gwamnatin da baƙi ke ciyar da ita ba za ta iya wata guda da ƙofa a rufe ba.

Duk Juma'a bayan la'asar, Kwamitin Ko-ta-kwana na tsibirin yakan yi wa jama'a jawabi. Badaru yakan jingina wayarsa da filas ɗin shayi su zauna su kalla. Manyan ƙasa ne jere a dogon tebur, kowa da takunkumi a ƙarƙashin haɓa. Ministan yawon buɗe ido ne a tsakiya yake bayanin cutar. Akwai ministan lafiya a ƙasar, amma yana can ƙarshen tebur, inda kyamara ke yanke rabin fuskarsa.

Kowane mako da sabuwar hikima. Sun hana masunta fita teku don a rage cunkoso, alhali masunci shi kaɗai ne a kwalekwalensa, sai kifi. Sun rufe kasuwa rabin mako, jama'a suka riƙa cika ta a sauran kwanakin kamar jajibirin salla. Dokar hana fita ta fara daga magariba, ta koma isha'i, ta sake dawowa, har 'yan sanda suka riƙa tambayar wanda suka kama ko ya san ta wannan makon. Alhaji Sanda ya ce shi kam hankalinsa ya kwanta, da yana zaton a gida ne kawai Allah ya ajiye irin waɗannan masu basira, ashe an raba wa kowace ƙasa nata.

Kamila takan aiko da saƙon murya. Ta ce mahaifinta yana godiya ga gwamnati da ta kare shi daga tarin kifi. Ta ce an raba tallafin shinkafa, kuma hoton ministan da ke jikin buhun ya fi shinkafar auki. Matan unguwa kuma sun fara fitowa ƙofar gida da yamma suna buga tukwane don a ji su a fadar gwamnati, tunda dai tukwanen ba su da wani aikin yi. Badaru yakan yi dariya, ya sake kunna wa Alhaji Sanda. Akwai saƙo ɗaya da bai kunna wa kowa ba. A cikinsa Kamila ba ta yi ba'a ba, ta ce mahaifiyarta ta kwanta da hawan jini, ƙaramin asibitin unguwa an mayar da shi wurin killace masu korona da har yau ba a kawo ko ɗaya ba, sannan ta ce, "Ka dawo, na gaji."

Watanni suka shuɗe. Dubai ta buɗe, jirage suka fara tashi, Badaru yana bin Alhaji Sanda Al Quoz yana taya shi naɗe katan da salatif a cikin zafin da ke narkar da takalmi. Ana nan sai wata Juma'a ministan yawon buɗe ido ya bayyana da murmushi har kunne, ya ce Maluwa ta buɗe. Badaru ya miƙe tsaye. Sai ministan ya ci gaba da cewa ta buɗe ne ga 'yan yawon buɗe ido. 'Yan ƙasa da mazauna da suka maƙale a waje su ƙara haƙuri, ana shirya musu jirgi na musamman. Ya yi bayanin dalili: baƙo in ya zo otal yake zama, ɗan gida kuwa cikin dangi yake shiga.

"To ka ji," in ji Alhaji Sanda. "Cutar tana da tarbiyya. Ba ta bin wanda ya kama ɗaki."

Jirgin na musamman aka sa masa rana, aka ɗaga, aka sake sawa, aka sake ɗagawa. Badaru ya san wasu 'yan tsibirin da ke jiran sa a Dubai, har da wata tsohuwa da ta zo aikin ido, idon ya warke, ba ta da abin kallo da shi sai bangon ɗakin ɗanta.

Wata safiya manajan otal ya kira shi. Badaru ya ɗauka da sauri, yana zaton maganar komawa ce. Ashe albishir ne na daban: ministan da kansa zai zo Dubai ya tallata tsibirin a wani babban otal, kuma tunda Allah ya sa Badaru yana nan, sai ya je ya yi masa tafinta. Manajan ya ce wannan sa'a ce, ba sai sun biya wa kowa tikiti ba.

Ya je. Aka ba shi riga mai zanen furanni, aka tsayar da shi gefen minista a gaban Larabawa masu kamfanonin tafiye-tafiye. Ministan ya ce Maluwa ta yi nasara a kan cutar, Badaru ya juya da Larabci. Ya ce ƙofarta a buɗe take ga kowa da kowa, Badaru ya juya wannan ma, bai rage ko harafi ba. Da aka tashi shan shayi wani Balarabe ya tambaye shi ko shi ma a can yake zaune, ya ce e. Mutumin ya ce lallai ya more, ya tambaye shi yaushe zai koma. Badaru ya ce inshallah, irin wadda kowa a Dubai ya san ma'anarta.

Kafin ministan ya fita, Badaru ya tare shi cikin ladabi, ya gaya masa halin da yake ciki, da na tsohuwar, da na sauran. Ministan ya dafa kafaɗarsa, ya ce wannan magana tana hana shi barci, kwamiti na nan yana nazari. Badaru ya tambaya ko akwai gurbi a jirgin da zai mayar da tawagar. Ministan ya ce kaico, jirgin a cike yake. Ya waiwaya ya sa wani mataimakinsa ya ba Badaru hular hana-salla mai rubutun "Maluwa na jiran ka".

Da hular a hannu ya hau abra, kwalekwalen da ke tsallaka da mutane mashigin ruwa, ya koma Bur Dubai. Ya tarar da Alhaji Sanda yana cin gurasa da shayi, ya kwashe labari ya gaya masa. Alhaji Sanda bai yi dariya ba wannan karon. Ya juya hular, ya karanta, ya ajiye.

"Wai ni kam, Badaru, fasfon wace ƙasa ke hannunka?"

"Na Najeriya mana, Yaya."

"To wa ya ce maka kai ɗan gida ne? Kai baƙo ne. Ka je yawon buɗe ido, ɗan'uwana. Khalas, magana ta ƙare."

Badaru ya ce ai yana da katin zama na Maluwa. Alhaji Sanda ya ce katin ba shi da baki, ya bar shi a ƙasan jaka. Badaru ya ce sharaɗin sai mutum ya kama ɗaki a otal. Alhaji Sanda ya ce shi zai kama masa, a otal ɗin da yake wa aiki ma, a bar ta a lada. Abin ya tsaya wa Badaru a rai, don ya san tsohuwar nan ba ta da fasfon wata ƙasa da za ta zama baƙuwa da shi. Ya je ya yi mata sallama. Ba ta ji haushi ba. Ta ba shi ƙullin magunguna ya kai wa mijinta, ta ce in ya ga ministan ya gaya masa idonta ya buɗe sarai yanzu.

Alhaji Sanda ya ara masa baƙin tabarau da wata faffaɗar riga, ya ce kada ya kuskura ya gaishe da kowa da yaren tsibirin. A filin jirgin Maluwa aka tarbe su da ganguna. Wata yarinya ta rataya masa furanni a wuya, jami'in da ya saba hatimce masa fasfo ya kalle shi, ya kalli fasfon, ya ce masa barka da zuwa ƙasarmu, yallaɓai, yana danne dariya a cikin takunkumi. Masu kyamarar gidan talabijin na gwamnati suka tare shi. Da yamma Kamila ta gan shi a labarai, an rubuta a ƙasan hotonsa cewa attajirai daga Afirka ta Yamma sun fara tururuwa zuwa Maluwa, shaidar cewa matakan gwamnati sun yi aiki.

Doka ta ce baƙo ba ya fita harabar otal sai ya cika kwanakin killacewa, kuma ɗan gari ba ya shiga. Abokan aikinsa suka riƙa kawo masa abinci suna rusunawa, suna tambayar ko ya taɓa ganin teku. Manajan ya kauce masa gaba ɗaya. Washegari da hantsi Kamila ta sa ƙaninta ya tuƙo ta a kwalekwalen mahaifinsu har bakin igiyar da ta raba ruwan baƙi da na 'yan gari. Badaru ya shiga ruwa har ƙirji, da rigar aro. Ta rame. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce ta ji an ce attajiri ne, ko yana sayen kifi. Ya miƙa hannu ya riƙe igiyar, ita kuma ta juya fuska tana gyara mayafi.

Kafin kwanakinsa su cika aka samu masu cutar a cikin tawagar ministan da ta dawo daga Dubai, kwamiti ya sake rufe filin jirgi, ya ɗora laifin a kan sakacin jama'a. Otal ɗin ya sallami rabin ma'aikata, har da Badaru; manajan ya gaya masa a bakin ƙofa ranar da zai fita, bayan ya yi masa fatan ya ji daɗin zamansa. Badaru ya saɓa jakarsa ya bi hanyar bakin teku a ƙafa. Ya fara biyawa ta gidan mijin tsohuwar ya miƙa saƙo, sannan ya wuce gida. Ya tarar da surukarsa ta samu sauƙi tana zaune a tabarma, surukinsa yana ɗinkin komar kamun kifi. Tsohon ya amsa gaisuwarsa, ya matsa masa wuri, ya miƙa masa ɗaya bakin komar, ya ce ya riƙe da kyau, gobe da asuba za su fita teku.