Motar Baba a Gangaren Asibiti

Auta ake ce mata har yau, duk da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A gidansu kuwa, in kai ne auta, ko jika ka aurar, maganarka ta yara ce.

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ke kai shi asibiti gashin ƙafa sau uku a mako, a motarsa otomatik. Likita ya ja musu kunne cewa in ana tsallake rana, ƙafar da ta fara motsi za ta koma ta kwanta. A hanyar asibitin akwai wata doguwar gangara mai kwana a ƙasa. Da zarar Auta ta ɗaga ƙafa daga totur a nan, maimakon motar ta zura, sai ta yi gurnani ta rage gudu da kanta, kamar an riƙe mata wutsiya.

Sau ɗaya Yaya Babba, babban wansu, ya biyo su, ya ji gurnanin nan. Shi ke nan, an samu abin magana.

"Kin kashe giyar motar nan," in ji shi. "Shekara ashirin ina tuƙi. Mota a gangara gudu take yi, ba nishi ba. Daga Litinin makulli ya dawo hannuna. Direban shagona zai riƙa kai Baba in ya samu sarari."

In ya samu sarari. Auta ta san direban nan sarai, mutumin da in ka aike shi da hantsi sai la'asar ka ga ƙeyarsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Washegari da safe ta nufi gareji.

Bakaniken wani dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare. Ya zaro sandar man giya, ya shafa a yatsa, ya sansana, ya ce lafiya lau. Auta ta ce ita ba sansana ta kawo ta ba, ya shigo su je gangaren ya ji da kunnensa. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ga ba mai tafiya ba ce, ya shimfiɗa kwali a kujera ya zauna.

Da motar ta yi gurnaninta sai ya kwashe da dariya.

"Hajiya, ai wannan hankali ne, ba ciwo ba. Ta ji hanya ta sunkuya, ta ji kin saki totur, sai ta sauko wa kanta da giya. Injin ke riƙe tayoyi, don kada birki ya ɗauki nauyin shi kaɗai ya yi zafi. Birki in ya yi zafi, taka shi kike yi yana kallonki."

"To in aka sa ta a firi fa? Yayana ya ce haka ake tattalin mai."

"Tattalin mai? Kin raba injin da taya ke nan, kin bar ƙarfe yana gangarawa da mutane a ciki. Ki bar ta a D, giyar tafiya, ta fi yayanki sanin aikinta."

Ta kira Yaya Babba ta faɗa masa. Ya ce bakanike ai duk abin da mace ke son ji shi zai gaya mata, ya kashe waya.

Litinin da safe ya zo da kansa, wai yau zai nuna mata yadda ake tuƙi kafin ya miƙa wa direba. Ya karɓi makulli. Aka kwantar da Baba a baya da filo biyu, Auta ta zauna a gaba, jakar magunguna a cinyarta.

Suna hawa kan gangaren, hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa tun zamanin mota mai kuloci. Ya tura giya firi. Injin ya yi tsit, motar ta saki jiki.

"Kin ji ko? Babu gurnani."

Babu gurnani kam, sai gudu. Ya taka birki, ya saki, ya sake takawa, daga baya ya danne bai ɗaga ba. Wani ƙauri ya fara shigowa ta taga. Kwanar ƙasa tana matsowa, ga babbar mota tana rarrafe a gabansu. Sandar Baba ta zame ta daki bayan kujera.

"Yaya, mayar da ita D."

"Ke, yi mini shiru."

Tsoro ya kama ta, tsoron kwanar da kuma tsoron wanta, wanda tun tana goye ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Ta waiga ta ga Baba ya ƙanƙame marikin ƙofa da hannunsa mai lafiya. Sai ta miƙa hannu ta jawo giyar da kanta.

Motar ta yi wata girgiza, ta ɗauki gurnani, ta riƙe. Suka sha kwanar a bayan babbar motar, a hankali.

A ƙofar asibiti Yaya Babba ya kashe mota ya fita, ya kai tafin hannu kusa da tayar gaba, ya janye da sauri saboda zafi. Ya tsaya yana goge gumi da hularsa. Auta ta zagayo ta tsaya a gabansa, ta shimfiɗa masa hannu.

"Yaya, ba ni makullin. Laraba ƙarfe tara ne, Juma'a ma haka, kuma ni zan kawo shi."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya leƙa ta gilashi. Baba bai saki marikin ƙofar ba har yanzu, yatsunsa sun ƙage a kai. Yaya Babba ya sa mata makullin a hannu, ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa, ya fara ɓamɓare yatsun mahaifinsu ɗaya bayan ɗaya.