Ya Nemo Masa Ɗan Garinsu

Na'ibi mai tsire ya tsinci mutumin ne bayan aikin Hajji, lokacin da jiragen ruwa suka kwashe alhazai suka bar Jidda da zafinta. Yana jingine da bangon masallacin unguwar Hindawiyya, fari, dogo, mai kaurin gashin baki, zazzaɓi na kaɗa shi. Yatsu biyu kacal suka rage a hannunsa na hagu. Na'ibi ya tambaye shi da Larabcin Sudan ina masaukinsa. Mutumin ya amsa da nasa Larabcin mai nauyi cewa ba shi da masauki. Jirginsu ya tashi, shi kuwa da gangan ya ƙi shiga.

Sunansa Abdulwahid, Bakurde ne daga duwatsun arewacin Iraƙi. Na'ibi ya share masa ɗakin langa-langa da yake ajiye gawayi a bayan gida. Matarsa Mastura ta yi ta dama masa kunu har zazzaɓin ya sauka. Da ya samu ƙarfi bai yarda ya ci a banza ba. Ya koyi soka nama a tsinke da yatsun nan biyu da hannun dama, ya koyi barbaɗa ƙuli, yaji kuwa har ya tafi bai daina sa shi atishawa ba.

A bakin farantin naman ya ba Na'ibi labari, guntu-guntu. Da can, in ji shi, Kurdawa duka tare suke yaƙar sojan Bagadaza. Sai shugabanni suka saɓa, Kurdawa suka rabu gida biyu. Wasu suka sauko gari suka karɓi bindiga daga hannun gwamnati, su kuma suka tsaya a dutse. Daga nan wanda kuka yi kiwo tare shi ke yi maka kwanton ɓauna a bakin gada. Sunansa yana hannun gwamnati. In aka mayar da shi, igiya ce ke jiransa. Nan kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da kafili mai tsaya masa.

"Abu ɗaya nake roƙo, ya Abu Rabi," ya ce, don haka yake kiran Na'ibi da sunan 'yarsa. "In ka haɗu da mutumin ƙasata, kada ka ce ina nan."

"Halas, shi ke nan," in ji Na'ibi. "Kana cikin amanata."

Da baki ya faɗa, amma zuciyarsa ba ta gane ba. Shi a Mai Wurno ta Sudan aka haife shi, bakin kogin Nilu, iyayensa kuwa da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato. Duk garin da suka shiga, tambayar ubansa ta farko ita ce ina Hausawa suke, kuma ba su taɓa kwana da yunwa ba. Shi kansa ranar da ya sauka Jidda wani Bakatsine da bai san shi ba ya ba shi tabarma. Don haka ya ɗauka kunya ce ke damun baƙonsa, irin ta mai gida da ya koma ɗakin gawayi.

Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba. Ya gaji. Watanni sun ja, unguwa ta fara magana. Bello tela, da shagonsa ke kallon tukubar Na'ibi, kullum sai ya jefo tasa.

"Na'ibi an yi arziki! Har da Bature yaron shago. To, ranka ya daɗe kafili, mu ma a ɗauke mu aiki mana."

Ana dariya, Na'ibi ma yana yi, amma ba har zuci ba. Tasa iƙamar a hannun wani tsohon attajiri take. Ranar da aka ce ya ɓoye wanda ba shi da takarda, shi da Mastura da Rabi za a zuba a jirgi.

Wata rana ya kai tsiren walima unguwar Bagdadiyya, shagon wani mai sayar da darduma da ake kira Othman. Yana sauke faranti ya ji mai shagon yana yi wa ɗansa faɗa da wani harshe, ya kuwa gane sautin, irin wanda Abdulwahid ke yi in tsinke ya soke shi. Ya tambaya. Othman ya ce shi Bakurde ne, ya daɗe a Jidda, takardunsa cikakku. Nan take Na'ibi ya ga hanya ta buɗe. Ga mai hali, ga ɗan gari, ga wanda zai iya tsaya wa mutum a matsayin kafili. Ya buɗe baki ya zayyana komai.

Othman ya saurara yana jan carbi. Ya tambayi suna, ya tambayi ƙauye. Sannan ya ce, "Hannunsa fa, lafiya yake?"

"Yatsu biyu suka rage a hagu."

Carbin ya tsaya. "Kai ni in gaishe shi," in ji Othman.

Na'ibi ya dawo gida da saurinsa ya ce a dafa shayi mai kyau, da na'ana'a. Mastura ta ji dalili, ta ajiye butar.

"Baban Rabi, ba cewa ya yi kada ka faɗa ba?"

"Kunya ce kawai. Wa ke gudun ɗan garinsu?"

"Wanda ya san garin nasu," ta ce, ta hura wuta.

Bayan la'asar Othman ya iso. Abdulwahid na zaune a tsakar gida da farantin nama a gabansa. Ya ɗaga kai, ya ga wanda ya shigo, ya miƙe a hankali da tsinke a hannu. Ba wanda ya miƙa wa wani hannu. Na'ibi ya shimfiɗa tabarma, Othman bai ko cire takalmi ba. Suka yi magana da harshensu, ba tsawa, ba zagi, kalma kaɗan-kaɗan. Na'ibi na tsaye da tiren shayi yana murmushi, har murmushin ya bushe a fuskarsa. Othman ya juya, ya ce masa shukran, ya fita.

Abdulwahid ya koma ya zauna, ya ɗauki yankan nama.

"Ƙanensa yana cikin waɗanda suka sauko gari," ya ce. "Mun haɗu a wata gada. Su suka cire mini yatsu. Ƙanensa bai tashi daga wurin ba."

"Kai ka harbe shi?"

"Ina wurin, ina harbi. Ban san harsashin wa ba ne. Shi ma bai sani ba, amma sunana aka kawo masa."

Na'ibi ya ajiye tiren kafin ya suɓuce. Ya shiga magana ba tsari. Ya ce a gudu Makka, akwai Hausawa can, akwai ɗan'uwan Mastura, za a ɓoye shi.

"Da wannan fuskar a cikinku?" in ji Abdulwahid. "Makaho ma zai nuna ni. In kuma suka zo ba su same ni ba, kai za su ɗauka." Bai ce me ya sa ka faɗa ba. Na'ibi ya yi ta jiran ya ce, ko ya samu abin amsawa. Mutumin ya ci gaba da soka nama har ya cika farantin.

Da safe ya naɗe bargonsa, ya gode wa Mastura daga bakin ƙofa, ya je ya zauna a jikin bangon masallaci, daidai inda aka tsince shi. Da hantsi motar jawazat, hukumar shige da fice, ta tsaya. Askarawa suka nufe shi kai tsaye, ba su tambayi kowa hanya ba. Mutane suka taru. Babbansu ya dubi taron ya ce wa ya saukar da wannan duk tsawon lokacin nan. Idonsa ya sauka kan Na'ibi da ke tsaye bakin tukuba.

"Ba kowa," in ji Abdulwahid da ƙarfi. "Nan nake kwana. Wancan mai naman ko sallama ba ya amsa mini."

Askarin ya ce wa Na'ibi, "Gaskiya ne?"

Bello tela ya tsayar da keken ɗinkinsa. Duk wanda ke wurin ya sha ganin Bakurden yana fifita wutar nan. Na'ibi ya dubi garwashi. Ya tuna Rabi, ya tuna jirgi.

"Gaskiya ne," ya ce. "Ban san shi ba."

"Yalla, mu je," in ji askarin. Abdulwahid ya hau mota bai waiwayo ba.

Ba wanda ya tona, ba kuma wanda ya ƙara tsokanar Na'ibi. Bello ya koma gaishe shi da ladabi kamar baƙo. Na'ibi ya so a ce zaginsa ake yi.

Ranar Juma'a wani ɗan dako ya yi sallama da ƙunshi a kafaɗa, ya ce daga Bagdadiyya, wai a gode wa mai gida bisa hidimar da ya yi. Dardumar salla ce, ja, mai laushi, irin wadda Na'ibi bai taɓa takawa ba. Ɗan dakon ya jingine ta a bakin ƙofa ya wuce, maƙwabta na kallo.

Na'ibi ya tsaya yana kallonta. Mayar da ita sai ya ratsa gari ya sake haɗa ido da Othman. Shigar da ita kuwa sai ya wuce Mastura, ga ta nan tsaye a ƙofa da garin ƙuli a hannunta.

"Ɗauka mana, Baban Rabi," ta ce. "An kusa kiran salla. Shimfiɗa ka yi a kai, in za ka iya."