Ƙofar Baba Ɗantsoho

Gadon ya ƙi fita. Zubairu da Hussein sun kama ƙafafunsa suna ja da baya, amma ya cije a bakin ƙofa, saura faɗin tafin hannu. A kansa, cikin likkafani, Baba Ɗantsoho ne kwance, tsohon maginin da ya cika bayan sallar asuba.

"Mu ɗan karkata shi," in ji Hussein.

"Wallahi ba za a karkata shi ba," in ji Rahmatu, maƙwabciyarsa, daga cikin mata. "Baban ne za ku fitar a gicciye kamar buhun gawayi?"

Su duka yaƙi ne ya koro su daga jihar Jazira zuwa unguwar Sawra, nan Omdurman, a Sudan. Wata takwas suka yi a ajin makaranta, zani ne katangar kowa. Da wata ƙungiya ta samo musu fili, sai ta turo Sulafa, wata matashiya mai zanen gidaje, ta zauna da su gindin darbejiya, kowa ya zana ɗakin da yake so a ƙasa.

Tsohon nan kuwa ya hana ta sakat. Ƙofofin da aka ba su ƙanana ne, ya ce to bulon gefen ƙofa da na bangon baya a ɗora su da laka, ban da siminti, don su yi sauƙin cirewa.

"Yau mutum ɗaya ne a ɗaki, 'yata," ya ce mata. "Gobe danginsa za su iso, ina za ki sa su?"

Sulafa ta goge zanenta har sau uku. Rahmatu ma a lokacin cewa ta yi tsufa ne ke damunsa. Sai ga 'yarta Wafa ta iso da yara uku, ba ko tabarma. Yini ɗaya aka buɗe bangon baya, Baban ya ƙara musu ɗaki, yana tari yana tsokanar Rahmatu. Kunya ta hana ta yi masa godiyar kirki, kuma abin na cin ta har yau.

"Ku sauke shi a hankali," Rahmatu ta ce wa masu gadon. "Zubairu, bulon hagu na laka ne. Ga cokalin gininsa can a taga."

Zubairu ya zura cokalin, ya ɓamɓare katakon ƙofar. Bulo ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ba gardama, Sulafa na karɓa tana hawaye. Suka sake ɗaukar gadon, ya wuce sumul, ko likkafanin bai motsa ba.

"Allah ya yalwata maka kabarinka, Baba," Rahmatu ta ce. "Na gode."

Da maza suka sha kwana da shi, ta durƙusa tana jera bulon a inuwa. A jikin ɗaya, cikin busasshiyar laka, ga shaidar yatsunsa huɗu. Ta ɗora nata a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.